Yadda Za Ka Zana Ƙwallon Bolin Ka Huda Shi da Kanka

Ƙwallon bolin na kirki, wanda ake gangarawa don ya kayar da sanduna, yana fitowa daga masana'anta babu rami ko ɗaya a jikinsa. Inda aka huda ramukan da yadda aka karkata su ne ke yanke abu biyu: zaman hannu a ciki, da kwanciyar ƙwayar da ke cikin ƙwallon sa'ad da yake gangarawa a kan layi, wato doguwar hanyar da ake jifa a kanta, wadda ake shafa wa mai. Sababbin shiga sukan kwana suna gardama kan digiri biyar a zane, sannan su yi sakaci da 1/16 na inci a taƙi, wato tazarar da ke tsakanin ramin babban yatsa da ramukan yatsu. Lissafin a juye yake. Kuskuren digiri biyar da wuya ido ya gan shi a kan layi, amma 1/16 na inci, wato milimita ɗaya da rabi da ɗan ɗori, yatsa zai ji shi tun a wasan farko.

Duk awon wannan sana'a da inci ake yin sa, kuma bayanin nan na mai jifa da dama ne. Bahago sai ya musanya hagu da dama a ko'ina.

Kayan aiki

Injin huda na hannu ba shi da wuri a nan. Ba ya riƙe karkata, kuma bakin huda na ƙarfe ko na katako yakan cafki ɓawon ƙwallo ya ɓantare shi. Ana bukatar injin huda na tsaye mai teburin da ke matsawa gaba da baya, hagu da dama, da mazaunin da ke damƙe ƙwallo da zobe. Bakunan huda na bolin daban suke, girmansu yana hawa ne da 1/64 na inci. Ba sai ka sayi jerin duka ba. Na 31/32 don robar da ake sawa a ramukan yatsu, ɗaya don toshiyar da ake huda ramin babban yatsa a cikinta, da biyu ko uku kusa da girman babban yatsanka sun wadatar.

Don zane kuwa, sai ma'aunin rubu'in da'ira mai digiri wanda ke kwanciya a jikin ƙwallo, irin Pro Sect, da rula mai lanƙwasa, da fensirin maiƙo, da ma'aunin karkatar rami. Ƙara da wuƙar kashe kaifin baki, samfefa da sufa gulu. Sa tabarau da takunkumi saboda garin rezin, amma kada ka sa safar hannu kusa da bakin da ke juyawa. Sannan ka nemi tsohon ƙwallon da aka yar, don a kansa za ka yi ramukan gwaji kafin ka taɓa sabo.

Hannu tukuna

Hanya mafi aminci ga mai farawa ita ce ya kwafi awon ƙwallon da ya riga ya zauna masa a hannu. Idan babu, gara ƙwararre ya auna hannun sau ɗaya ya ba ka takardar awo, domin mutum ba ya iya auna hannunsa da kyau da ɗaya hannun.

Riƙon da aka fi sani iri biyu ne. A riƙon gargajiya yatsan tsakiya da na zobe suna shiga har gaɓa ta biyu. A riƙon kan yatsa suna tsayawa a gaɓar farko, kuma shi masu son ƙwallo ya yi kwana suke yi. Gwajin taƙin riƙon kan yatsa mai sauƙi ne: zura babban yatsa har ƙarshe, ka shimfiɗa yatsun biyu a kan ramukansu ba tare da ja ba. Bakin ramin da ke kusa da tafi ya faɗo wajen tsakiyar gaɓa ta ɗaya da ta biyu. Taƙin yatsan zobe yakan fi na tsakiya da 1/16 zuwa 1/8 a hannuwa da yawa, amma kada ka ɗauka haka naka yake sai ka auna.

Akwai tarko a takardar awo da ke cin ƙwallaye da yawa. Wasu suna rubuta taƙi daga bakin rami zuwa bakin rami kafin a sa roba, wasu kuma har zuwa cikin robar inda yatsa ke kamawa. Bambancin shi ne kaurin bangon robar. Robar da wajenta 31/32 ne, cikinta 23/32, bangonta kusan 1/8 ne. Idan cikakken taƙinka 4 1/2 ne, layin yanka, wato inda bakin rami zai faɗo, zai zauna a 4 3/8. Wanda ya rikita su ya ƙara wa kansa 1/8 a banza.

Karkata ita ce inda gindin rami ya dosa. Ramin da ya nufi cibiyar ƙwallo sak, karkatarsa sifili ce. Idan gindinsa ya kauce zuwa wajen tsakiyar tafi, karkatar gaba ke nan. Idan ya guje wa tafi, ta baya. Akwai kuma ta hagu da ta dama. Tsohuwar ƙa'idar masu huda ta sa babban yatsa a sifili idan taƙi 4 1/4 ne, a ƙara 1/16 na baya a kan kowane 1/8 da taƙin ya ƙaru, a yi gaba idan ya ragu. Mafari ce kawai, domin sassaucin gaɓa da zufar hannu suna sauya ta. Yatsun biyu kuwa dole a ware gindinsu, yawanci 3/8 hagu ga na tsakiya, 1/2 dama ga na zobe. Dalilin lissafi ne: ramuka biyu masu faɗin 31/32 da gadar 1/4 a tsakaninsu, idan duka suka nufi cibiya, kafin su yi zurfin inci ɗaya sun haɗe.

Nemo PAP

Lokacin da ƙwallo ya bar hannu yana juyawa ne a kan wani gatari na zato da ya ratsa cibiyarsa. Ƙarshen wannan layi da ke dama da ramukan, idan ka kalle su na yatsu suna sama, shi ake kira PAP, kuma kowane ɗan wasa da nasa. Duk lambobin zane daga nan ake auna su. Zanen da aka kwafa daga wani ba tare da PAP ɗinka ba, wani zane ne daban a hannunka.

Goge ƙwallon da kake wasa da shi, ka jefa shi yadda ka saba a inda mai yake da yawa. Idan ya dawo za ka ga zoben mai a jikinsa. Ƙwallon roba na filastik ya fi dacewa da wannan gwaji, don zobensa ba ya bazuwa sosai. Idan zobba sun yi yawa, bi wanda ya fi kusa da ramin babban yatsa. Zana shi da fensir zagaye, ka ɗora ƙwallon a mazauni yadda zoben zai kwanta daidai da tebur a ƙasa da tsakiya, ramukan suna samansa. Ƙololuwar ƙwallon ita ce PAP. Auna daga nan zuwa zoben ta wurare uku ko huɗu; nisan ya zama ɗaya.

Kada ka yarda da fensir kaɗai. Liƙa ɗan farin tef a wurin, ka sake jifa, wani ya tsaya a baya yana kallo ko ya ɗauki bidiyo. A ƙafa kaɗan na farko tef ɗin ya tsaya cik kamar ɗigo. Idan yana zagaye, matsar da shi ka maimaita.

Sai a rubuta wurin da lamba biyu. Ja layin tsaye da ya ratsa gada da tsakiyar ramin babban yatsa. Tsakiyar taƙi a kan wannan layi ita ce cibiyar riƙo. Daga cibiyar ja layin kwance zuwa dama, ka auna inci nawa za ka tafi, sannan nawa za ka hau ko ka sauka kafin ka iso tef. A misalin da za mu bi, 5 zuwa dama ne da 1/2 sama.

Alamomin jikin ƙwallo da lambobi uku

Sabon ƙwallo yana da ɗigo mai launi da ake kira fin, wanda ke nuna kan ƙwaya. Akwai ƙaramar alamar CG, mai nuna ɓangaren da nauyi ya rinjaya. Idan ƙwayar mai ɓari ce, wato ɓangarorinta ba daidai suke ba, akwai alama ta uku, PSA, kusan inci 6 3/4 daga fin. Wannan lamba rubu'in kewayen ƙwallo ce, domin kewayen inci 27 ne.

Tsarin kusurwa biyu, wanda Mo Pinel, masanin ƙera ƙwallon bolin, ya yaɗa, yana bayyana zane da lamba uku, misali 50 x 4 1/2 x 35. Ta farko kusurwar huda ce, tsakanin layin fin zuwa PSA da layin fin zuwa PAP, kuma tana tsakanin digiri 10 da 90. Ƙarama tana sa ƙwallo ya kama birgima da wuri, babba tana sa ya yi nisa yana sulɓi kafin ya juya. Ta uku ita ce kusurwar da layin fin zuwa PAP ya yi da VAL, wato layin tsaye da ya ratsa PAP, tsakanin 20 da 70. Ƙarama tana ɗaga fin sama da yatsu, ƙwallo ya yi kwana da sauri idan ya bar mai. Babba tana saukar da fin, kwanar ta zama a hankali.

Ta tsakiya ce mafi nauyi a cikinsu. Nisan fin daga PAP shi ke yanke yawan bazuwar zobban mai, wato yawan sabon ɓawo busasshe da ke taɓa layi a kowane juyi. A ƙwallo mai daidaitacciyar ƙwaya, bazuwa ta fi yawa a wajen 3 3/8, tana raguwa idan an matso kusa da PAP ko an nufi 6 3/4. Mai ɓari kuwa yana ci gaba da bazuwa sosai har wajen inci 6. Shi ya sa inci 5 1/2 ke kwantar da na farko amma ba ya kwantar da na biyu haka.

Haɗa kusurwoyin biyu ka duba jimlar. Mai saurin jifa da ƙarancin juyi yana son ƙaramar jimla don ƙwallo ya farka kafin ya wuce. Mai yawan juyi da sanyin jifa yana son babba, in ba haka ba ƙarfin ƙwallon zai ƙare tun a tsakiyar layi ya isa sanduna a gajiye. Ga wanda saurinsa da juyinsa suka yi daidai, jimlar 85 zuwa 100 da nisan 4 zuwa 5 mafari ne mai kyau. Ƙwallon farko ba wurin gwada zanen ban mamaki ba ne. Sau da yawa ma abin da mutum ke nema a zane, samfefa mai lamba 2000 ko 3000 a kan ɓawo za ta ba shi cikin minti biyu, kuma ita ana iya warware ta.

Kamfanin Storm mai ƙera ƙwallon bolin yana rubuta nasa zanen da inci uku maimakon digiri, kamar 5 x 4 x 2: fin zuwa PAP, PSA zuwa PAP, da nisan fin daga VAL. Duba wane tsari takarda take nufi kafin ka ɗauki fensir.

Zana shi

Aikin baya-baya ake yin sa: a sabon ƙwallo PAP ake fara sakawa, daga nan a gano inda riƙo zai zauna. Ajiye ƙwallon fin a sama, PSA na fuskantarka a ƙasa, ka ja layi tsakaninsu. Idan babu PSA, ja layin daga fin ta kan CG har inci 6 3/4. Ɗora ma'auni a kan fin, ka buɗe digiri 50 daga wannan layi zuwa dama, ka ja layi na biyu. A kansa auna 4 1/2 daga fin ka yi ɗigo. PAP ke nan.

Mayar da ma'auni kan PAP. Daga layin da ya koma fin, buɗe digiri 35 ka ja VAL ya ratsa PAP sama da ƙasa, yadda fin zai kasance a hagunsa. Yanzu juya lambobin PAP ɗinka: tunda 1/2 sama yake, sauka 1/2 a kan VAL. Daga nan ja layin kwance da ya yi digiri 90 da VAL, ka tafi inci 5 hagu. Wannan ɗigo ne cibiyar riƙo. Ja layin tsaye a kansa, ka raba taƙi biyu, rabi sama rabi ƙasa. Idan taƙin yatsun biyu ya bambanta, ɗauki matsakaicinsu. Ja layuka biyu 1/8 hagu da dama da layin tsaye a wajen yatsu. Su ne iyakar gada.

Kafin ka kunna inji, auna komai daga baya: daga cibiyar riƙo 5 dama, 1/2 sama, ka ga ko ka faɗo kan ɗigon PAP. Sannan duba inda fin ya faɗo. Idan bai kai inci ɗaya daga bakin wani rami ba, sauya kusurwa ta uku da digiri biyar ko goma ya matsa. Siririn ɓawo tsakanin fin da rami wurin tsagewa ne, kuma kamfanoni da yawa suna janye garanti a kan haka, kamar yadda suke janyewa idan gada ta gaza 1/4.

Huda

Tabbatar da sifilin injin tukuna. Sa teburin a sifili, huda tsohon ƙwallo, ka zura ma'aunin karkata. Idan bai nuna sifili ta kowane ɓangare ba, gyara kafin ka ci gaba. A wannan ƙwallon kuma za ka tabbatar wane juyi na hannun tebur ke ba da gaba, wane ke ba da baya, ka rubuta a jikin injin.

Tsarin kowane rami ɗaya ne, kuma ba a sauya shi: matsa tebur gwargwadon karkatar ramin, kulle teburin, sannan ka juya ƙwallo a cikin mazauni har layinka ya zo gefen bakin huda, sannan ka damƙe zobe. Wanda ya daidaita ƙwallo kafin ya matsa tebur, raminsa zai bar layi da daidai adadin karkatar. Layin tsaye na riƙo ya yi daidai da tafiyar gaba da baya ta teburin, in ba haka ba wani ɓangare na karkatar baya zai koma ta gefe. Hannuwan tebur suna da ɗan wasa, saboda haka ka riƙa isowa lambarka daga ɓangare ɗaya kullum.

Fara da babban yatsa, tunda daga bakinsa ake auna taƙin yatsun biyu. Idan za ka sa toshiya ta yuritan, wato wata roba mai tauri, girmanta yakan zama 1 1/8, 1 1/4 ko 1 3/8. Zaɓi wadda za ta bar bango aƙalla 1/8 kewaye da ramin yatsa. Huda mata rami gwargwadon tsawonta, shafa gulu kaɗan, buga ta da gudumar roba, yanke abin da ya yi saura ka goge ya yi daidai da ɓawo. Idan ba ka kwance ƙwallon daga mazauni ba, ramin yatsa zai faɗa tsakiyarta da karkata ɗaya. Zurfin 2 1/2 zuwa 2 3/4 ya ishi yawancin hannuwa. Kan yatsa kada ya taɓa gindi.

Sauko da baki ya ɗan lasa ɓawo kawai, ɗaga, kashe inji, ka duba da'irar da ya zana da layinka. Nan ne damar gyara ta ƙarshe. Daga nan ka shiga a hankali, kana ɗagowa lokaci-lokaci don gari ya fita. Ƙwaya ta fi abin da ke kewaye da ita tauri, za ka ji injin ya sauya murya idan ya iso ta. Kada ka danne. Zafi yana faɗaɗa rami, ya dasashe baki.

Babban yatsa ba zagayayye ba ne, ya fi faɗi a kan kauri. Huda da bakin da ya yi daidai da kaurinsa, sannan ka faɗaɗa ramin ta hanyar matsa tebur kaɗan-kaɗan kana sake sauko da baki. Idan ana son ƙarin 1/16 a kan digiri 45, jimlar tafiyar tebur kusan 0.044 ce gaba da baya, 0.044 hagu da dama, rabi kowane ɓangare na tsakiya don tsakiyar ramin kada ta motsa. In kana shakka, bar ramin a matse. Samfefa tana ƙara faɗi, ba ta rage shi.

Yanzu sake auna taƙi daga ainihin bakin ramin da ka huda, ka gyara layukan yatsu idan sun goce. Kowane ramin yatsa yana taɓa layi biyu, na taƙi da na gada. Zurfin inci biyu ya isa, domin ƙasa da haka bangon da ke tsakaninsu sai ƙara sirancewa yake.

Gamawa da doka

Kashe kaifin bakin kowane rami. Na yatsu kaɗan ya isa idan roba za ta shiga, amma kada a bar shi da kaifi, don daga nan tsaga ke farawa. Bakin gaba na ramin babban yatsa yana son kulawa: kaifi yana danne jijiya har yatsa ya riƙa mutuwa, gogewa da yawa kuma tana rage taƙi ta sa ƙwallo ya riƙa suɓucewa. Goge kaɗan, gwada, ƙara. Robar yatsu ɗigon gulu biyu ko uku take so, ba wanka ba. Gulun da ya jiƙe gada yana sa ta gautsi.

Idan ƙwallon na gasa ne a ƙarƙashin dokar USBC, hukumar wasan bolin ta Amurka, tun 1 ga Agusta 2020 an hana ramin daidaita nauyi. Duk ramin riƙo da ke jikin ƙwallo dole a sa masa yatsa a kowane jifa, don haka wanda ba ya amfani da babban yatsa ba zai huda masa rami ba, sai ya zana alamar + a inda tsakiyar tafinsa ke zama. A ƙwallon da ya wuce laba 10, bambancin nauyi tsakanin hagu da dama, sama da ƙasa, da wajen yatsu da na babban yatsa kada ya wuce oza uku. Zanen da bai jefa CG nesa da riƙo ba da wuya ya karya wannan, amma sikeli ne ke tabbatarwa.

Wasan farko zai faɗa maka sauran. Idan ƙwallo yana faɗuwa da wuri ko kana matse shi da babban yatsa, ramin ya yi faɗi ko karkatar baya ta yi yawa. Fara da tef ɗaya ko biyu a cikin ramin, a bangonsa na baya. Idan yatsa yana maƙalewa, duba matsi da kaifin baki kafin ka zargi karkatar gaba. Ciwo a farce ko jan fata a gindin babban yatsa alamar taƙi ya yi tsawo ne. Ƙarar ƙwas-ƙwas yayin gangarawa tana nufin zoben ya hau kan rami, abin da ya fi samun wanda zobensa ke kusa da ramuka idan aka saukar da fin ƙasa da yatsu.

Ramin da ya ɓaci ana cike shi da rezin mai haɗi biyu. Huda shi ya ɗan fi da faɗi don a sami bango mai tsabta, kewaye bakin da yumɓun roba, auna haɗin daidai da abin da ke jikin kwalba, ka zuba ya ɗan haura ɓawo, domin yana shanyewa idan ya daskare. Bar shi ya kwana, yanke, goge, sannan ka sake huda. Idan babban yatsa ne kaɗai ya goce da 1/16 ko 1/8, huda toshiyar ka fitar, ka sa sabuwa, ka gyara taƙin a cikinta.